LABARIN BIRNIN HARTUM

Alhazan da, waɗanda su ke tafiya Makka a ƙasa, sukan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan. Tafiya ce ta wata da watanni, ga waɗansu ma shekara da shekaru, kullum daga wannan rijiya zuwa waccan, ana tsimin abin da ke cikin salka. Bayan sun sha wannan wahala duka sai su iske wani babban kogi ya gitta musu hanya, yana gudu daga kudu zuwa arewa, ba ya ƙafewa rani da damina. Wannan shi ne Kogin Nilu. A bakinsa birnin Hartum ya ke, watau babban birnin ƙasar Sudan.

Wanda ya dubi ƙasar da ta kewaye Hartum ba zai ce gari zai zauna a nan ba, don kuwa bakin hamada ne. Ruwa ne ya kafa garin, ruwan kuwa ba a ƙasarsa ya ke sauka ba, daga nesa ya ke zuwa. Amma zuma da zaƙi da harbi. Wurin da ya jawo manoma da fatake da malamai shi ne kuma ya jawo idon duk wanda ya ke son mallakar Sudan. Saboda haka cikin shekara ɗari da arba'in sau biyu birnin yana cika ya batse, sa'an nan yaƙi ya watsa mutanensa.

INDA GARIN YA KE

Hartum ya fi Kano da Sakkwato da Damagaram matsawa arewa. In an ja layi daga gare shi sosai zuwa yamma, layin zai ratsa tsakanin Tawa da Agadas. Tsayin ƙasarsa bisa teku wajen ƙafa 1,250 ne, fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, sai 'yan duwatsun Karari daga arewa, da wani dutse daga kudu da a ke kira Jabal Auliya.

Kogi biyu ne su ke haɗuwa a nan su zama ɗaya. Na fari Larabawa suna ce da shi Baharul Abyal, watau Farin Nilu. Daga Tabkin Biktoriya ya ke fitowa, can ƙasar Uganda, ya shiga wata makekiyar fadama a Sudan ta Kudu wadda ciyawa ta toshe, a nan rana ta kan shanye wajen rabin ruwansa. Abin da ya ragu shi ya ke isowa Hartum, a hankali, da faɗi, fari fari. Na biyu shi ne Baharul Azraƙ, watau Shuɗin Nilu, ko da ya ke mutanen Sudan da wannan kalma su ke kiran abu mai duhu. Shi kuwa daga Tabkin Tana ya ke gangarowa, cikin duwatsun Habasha, tafiyar mil 900 ko kusa da haka. Halinsa dabam ne. Tun asali da rani ya kan ƙanƙance, amma in damina ta kankama a Habasha sai ya cika, ya taho a fusace, ɗauke da baƙar laka. A watan Agusta da farkon Satumba ƙarfinsa ya kan kai har ya tokare Farin Nilu, ya hana shi wucewa, kamar an gina masa madatsa. Shi ya ke kawo ambaliya da laka mai taki, ɗan'uwansa kuwa shi ya ke riƙe da kogin da rani kada ya yanke.

Mahaɗar nan ana kiranta Mukran. Wanda ya tsaya a wurin ya kan ga ruwa iri biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko wane da launinsa, kafin su garwaya. Daga nan har Bahar Rum, fiye da mil 1,800, ba wani kogi da ke ƙara wa Nilu ruwa sai Atbara kaɗai. Ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu ta tsuke a Mukran, ta yi tsini, saboda haka mutane da yawa suka ce daga nan sunan garin ya fito, don a Larabci hurɗum shi ne hannun giwa, watau dogon hancin nan nata.

Gari uku ne a haɗe. Hartum kansa yana tsakanin kogunan, nan fadar Gwamnati ta ke. Umdurman yana yamma, a hayin Farin Nilu, shi ne mai babbar kasuwa da hubbaren Mahadi. Bahri yana arewa, a hayin Shuɗin Nilu, nan masana'antu suka taru. A tsakiyarsu akwai tsibirin Tuti, ƙasar lambu, wanda mutanensa suka girmi garuruwan uku duka a wurin. A bakin kogi akwai inuwa da lemo da kayan miya. Da, da jigo a ke ban ruwa, da wani keke na itace da shanu ke juyawa, daga baya injuna suka karɓa. Lakar kogi kuma ita a ke bugawa a gasa a yi tubali. Amma in mutum ya juya wa kogi baya ya yi 'yan mil kaɗan, sai rairayi da tsakuwa da ƙaya.

ZAFI DA RUWA DA ƘURA

Ruwan saman da Hartum ya ke samu a shekara bai fi inci biyar ko shida ba, alhali kuwa Kano ta kan sami fiye da inci talatin. Ɗan abin da ya ke samu ɗin ma a Yuli da Agusta da Satumba ya ke sauka. Sauran watanni, tun daga Nuwamba har Afrilu, da wuya a ga ɗigo. Wannan ruwa ba ya isa a noma gero a dogara gare shi, balle ya shayar da birni.

Zafi kuwa, Hartum yana cikin manyan biranen duniya da suka fi ko ina. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne a ma'auni. A Hartum, cikin Mayu da Yuni, zafin rana ya kan kai 41 ko 42 kusan kullum, wata rana ya zarce. In ruwa ya zo ya kan ɗan sassauta, sa'an nan ya komo a Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa ta ke busowa, busasshiya, 'yar'uwar hunturu, da dare ma'auni ya sauka wajen 15, mutane su nemi mayafi. Don haka mutanen garin suka saba da gina gidaje masu kaurin bango da filin tsakar gida, su fito da gadajensu na igiya su kwana a waje. Suna kuma da wata kyakkyawar al'ada ta ajiye randunan ruwa a ƙofar gida ko a gindin itace, don duk mai wucewa ya sha, sadaka.

Akwai wata iska da suka sa wa suna habub. Ta kan zo gab da damina da cikinta, yawanci da la'asar. Hadari ne ya ke haɗuwa can nesa, iskar da ke gabansa ta kwashi ƙurar hamada ta tayar da ita sama, ta zama kamar jar ganuwa mai tsayin dubban ƙafa, tana tafiya tana nufo gari. In ta iso sai rana ta ɓace, mutum ba ya ganin wanda ke gabansa, motoci su tsaya, jiragen sama su fasa sauka. Bayan sa'a guda ko biyu ta wuce, ta bar ƙasa cikin tukunya da cikin akwati.

Abin mamaki, garin da ba ya samun ruwa shi ne kuma ruwa ke ci. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya samun hanyar gudu, gidajen talakawa kuwa na ƙasa ne. A 1946 kogi ya yi cikar da aka daɗe ana labarinta, mutanen Tuti suka yi gayya dare da rana suka tare shi, tsibirinsu bai nutse ba. A farkon Agusta 1988 aka yi ruwan sama wajen inci takwas cikin kwana guda, watau fiye da na shekara ɗaya cur, kogi kuma ya biyo baya da tasa cikar. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa wurin kwana. A Satumba 2020 Shuɗin Nilu ya hau har kusan ƙafa 58 a ma'aunin Hartum, ya wuce na 1946 da na 1988 duka.

ASALIN GARI

Tun zamanin da can mahaɗar nan ba ta rasa mazauna ba. Wajen mil goma sha biyu daga Hartum, a bakin Shuɗin Nilu, akwai kufan wani birni wai shi Soba, babban birnin wata daula ta Nasara da a ke kira Alwa. Ta faɗi wajen shekara ta 1500. Bayanta sarakunan Funji suka yi mulki daga birnin Sinnar har fiye da shekara ɗari uku. A zamaninsu wata kabila, Mahas, ta zauna a Tuti, ta yi suna wajen karatu. Wajen 1691 wani malaminsu, Shehu Arbabul Aƙa'id, ya haye ya zauna a gefen da Hartum ya ke yanzu, ya buɗe makaranta, 'yan gidaje suka kewaye shi. Ƙauye ne na masunta da almajirai.

A 1820, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Sakkwato, Muhammadu Ali Basha mai mulkin Masar ya aiko ɗansa Isma'ila da runduna su ci Sudan. Abu biyu ya ke so, zinariya da bayin da zai mayar soja. A 1821 Sinnar ta miƙa wuya. Shekara ta zagayo wani sarki na Shandi, Mak Nimir, ya ƙone Isma'ila da wuta saboda nauyin harajin da ya ɗora masa, amma mulkin bai kau ba. Mutanen Sudan suna kiran wannan zamani Turkiyya, don manyan masu mulkin da harshen Turkawa su ke magana.

Turkawan nan suka lura wanda ya zauna a Mukran ya riƙe hanya uku gaba ɗaya, ta Habasha, da ta kudu, da ta Masar. Ga kuma kogi ya kare shi daga arewa da yamma. Sai suka kafa sansani, daga baya suka mai da shi mazaunin Gwamna. Hurshid Basha, wanda ya yi mulki daga 1826 zuwa 1838, shi ya gina masallaci da bariki da ma'aikatar jiragen ruwa, ya sa mutane su bar bukkoki su yi gini. Fatake suka taru, Misirawa da Turawa da mutanen Sham, ana cinikin ƙaro da gashin jimina da hauren giwa. Amma babban cinikin da ya cika aljihun garin na bayi ne. Jirage sukan hau Farin Nilu da 'yan bindiga, su komo shaƙe da mutanen kudu. Cikin yaran wani ƙasaitaccen ɗan kasuwan nan, Zubairu Basha, akwai wani haifaffen Halfaya, kusa da Bahri, sunansa Rabe. Shi ne wanda ya yi yamma daga baya har ya ci Barno a 1893.

WATSEWA TA FARI

Zalunci da haraji suka ishi mutane. A 1881 wani malami, Muhammadu Ahmad, ya tashi a tsibirin Aba cikin Farin Nilu ya ce shi ne Mahadi. Jama'a suka bi shi. A 1883 ya ci birnin Ubayyid, ya kuma hallaka wata babbar rundunar Masar a dajin Shaikan. Labarinsa ya kai har ƙasar Hausa, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa.

A lokacin nan Ingilishi sun riga sun sa hannu cikin mulkin Masar. Suka aiko Janar Godon ya kwashe sojan da ke Hartum ya fito da su. Ya iso a Fabrairu 1884, amma bai fita ba, ya zauna ya ce zai tsare garin. A Maris mutanen Mahadi suka kewaye shi. An ƙiyasta mutanen da ke ciki wajen 30,000, ban da soja.

A nan kogi ya nuna ikonsa bisa garin. Kudu kaɗai ce ba ta da ruwa, saboda haka aka yi ganuwa da gwalalo daga wannan kogi zuwa wancan. Muddin ruwa yana cike ba ta inda za a shiga. Amma cikar damina ta zubar da ƙarshen ganuwar wajen Farin Nilu, ta cike gwalalon da laka. Da sanyi ya shigo ruwa ya fara janyewa, ya bar fili a buɗe. Mutanen gari kuwa yunwa ta riga ta gama da su, sun cinye jakuna da karnuka, sun koma cin ƙaro, ba mai ƙarfin gyaran ganuwa. Ran 26 ga Janairu 1885, da asuba, mayaƙan Mahadi suka bi ta wannan kafa suka shiga. Aka kashe Godon a fada, aka kashe dubban mutane. Jiragen da Ingilishi suka aiko da gudummawa suka iso bayan kwana biyu, suka tarar an gama, suka juya.

Mahadi bai yarda ya zauna a birnin Turkawa ba, ya zauna a Umdurman, nan ya rasu a Yuni na wannan shekara. Magajinsa, Halifa Abdullahi, ya ba da umurni a 1886 kowa ya tashi daga Hartum. Aka rushe gidaje, aka ɗebe tubali da azara da ƙyamare aka haye da su. Birnin da ya shekara sittin yana mulki ya zama kufai. Umdurman kuwa, wanda da ƙauye ne na masu fito, ya zama babban birni, don Halifa ya tara kabilu daga ko ina, musamman danginsa makiyaya daga yamma. Da aka yi fari a shekara ta 1306 ta Hijira, watau 1888 zuwa 1889, taron nan ya rasa abinci, mutane suka mutu ba iyaka. Har yanzu mutanen Sudan suna tuna wannan yunwa da sunan Shekara ta Shida.

ZAMANIN INGILISHI

Ingilishi suka komo da shiri. Janar Kicina ya taho daga Masar yana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa cikin hamada, jiragen yaƙi suna biye da shi ta kogi. Ran 2 ga Satumba 1898 aka haɗu a Karari. Mutanen Halifa suka yi ta kai hari da masu da takubba, igwa da bindiga mai ruwa suna zubar da su. Kafin azahar an kashe musu fiye da mutum 10,000, alhali na Kicina da suka mutu ba su kai hamsin ba. A 1899 aka ƙulla cewa Ingila da Masar za su yi tarayya cikin mulkin Sudan, amma a gaskiya iko yana hannun Ingilishi.

Suka sake gina Hartum bisa kufansa, da tituna miƙaƙƙu da itatuwa a bakin kogi. A ƙarshen 1899 jirgin ƙasa ya iso Bahri. A 1902 aka buɗe Kwalejin Godon, wadda ta zama Jami'ar Hartum a 1956. Daga Sudan aka ɗauko malaman da suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934. A 1909 aka gama gada bisa Shuɗin Nilu, aka kuma buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa, Bur Sudan, a bakin Bahar Maliya. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, aka ja ruwa cikin baƙar ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu, wadda a ke kira Jazira, ta zama gonar auduga wadda ba ta da na biyu a Afirka. Kuɗin audugan nan shi ya riƙe Gwamnati da birninta shekaru da yawa.

Hausawa da Fulani da Barebari suna da hannu cikin wannan aiki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da jama'a, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin har yanzu sunansa Mai Wurno. Alhazai kuma sukan tsaya a Jazira su yi ƙodagon tsinkar auduga su tara guzuri, waɗansu su wuce, waɗansu su zauna har su yi jikoki. Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari, suna kuwa da unguwanninsu a cikin garuruwan nan uku.

YAWAN JAMA'A

Ran 1 ga Janairu 1956 Sudan ta sami mulkin kai. Ƙidayar da aka yi a lokacin ta nuna mutanen garuruwan uku wajen 246,000 ne, Umdurman ya fi yawa, sa'an nan Hartum, sa'an nan Bahri. A 1973 sun kai 784,000. A 1983 sun zama 1,343,000. A 1993 sun kusa miliyan uku. A 2008 sun wuce miliyan huɗu da dubu ɗari biyu, lardin Hartum duka kuwa ya wuce miliyan biyar. Watau cikin shekara hamsin da biyu garin ya ninka kansa sau goma sha bakwai.

Haihuwa kaɗai ba ta kawo wannan. Dalili na fari shi ne Gwamnatocin Sudan, na soja da na farar hula, sun tara kome a wuri ɗaya. Manyan asibitoci da makarantu da bankuna da masana'antu duk suna Hartum, larduna na nesa kuwa ba hanya ba magani. Duk mai neman aiki ko ilmi ko lafiya dole ya nufo mahaɗa. Dalili na biyu fari ne. A 1984 da 1985 ruwa ya ƙi sauka a Kurdufan da Darfur, dabbobi suka ƙare, makiyaya suka taho a ƙasa suka zube a bayan Umdurman. Dalili na uku yaƙi ne. Daga 1983 zuwa 2005 ana yaƙi a kudu, daga 2003 kuma wani ya tashi a Darfur. Ga 'yan gudun hijira daga Habasha da Eritiriya da Cadi. Da Sudan ta Kudu ta ware a 2011 mutanenta da yawa suka koma gida, amma waɗansu suka cike gurbinsu.

Baƙin nan ba su sami wuri a bakin kogi ba. Can bayan gari suka zauna, cikin rairayi, a bukkokin buhu da kwali, a wurare irin su Mayo da Darussalam da Jabal Auliya. Sau da yawa hukuma ta kan rushe unguwanninsu ta ƙara tura su nesa. Famfo bai kai gare su ba, sai su sayi ruwa a wurin masu amalanken jaki da ke yawo da ganga, har talaka ya biya kuɗin ruwa fiye da mai gidan bene. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan, mutum yana zaune kusa da kogin da ya fi ko wanne tsawo a Afirka, yana auna abin da zai sha. Da aka fara sayar da man fetur a 1999 dogayen benaye suka tashi a tsakiyar gari, aka ƙara gadoji, amma ratar da ke tsakanin mai shi da maras shi ba ta ragu ba, haka kuma ratar da ke tsakanin birnin da lardunansa.

WATSEWA TA BIYU

Yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi a nesa daga ƙarshe suka iso gida. Gwamnatin Umar al-Bashir ta ɗauki waɗansu mayaƙan sa kai ta yi yaƙin Darfur da su, daga baya ta mai da su runduna mai zaman kanta ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo. A Afrilu 2019 mutanen Hartum suka yi zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja har aka tuɓe al-Bashir, bayan ya shekara talatin bisa mulki. Amma aka bar runduna biyu cikin gari ɗaya, ko wace da shugabanta. Ran 15 ga Afrilu 2023, cikin watan azumi, faɗa ya tashi tsakanin sojan Gwamnati na Janar Abdulfatah al-Burhan da mutanen Dagalo.

A wannan karo ma gadoji da bakin kogi a ke faɗa a kansu, don wanda ya riƙe su ya riƙe gari. Mutanen Dagalo suka mamaye yawancin Hartum da Bahri, suka shiga gidajen mutane, soja kuwa suna jefa bam daga sama. Gwamnati ta ƙaura zuwa Bur Sudan. A Nuwamba 2023 aka karya gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri. Tuti aka tsare shi, ba shiga ba fita sai da wuya. Kafin yaƙin an ƙiyasta mutanen birnin sun wuce miliyan shida. Fiye da miliyan uku suka gudu, waɗansu Masar, waɗansu larduna, har waɗanda iyayensu suka zo Hartum gudun yaƙi suka sake ɗaukar kaya. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a can aka kwashe su cikin motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. Waɗanda ba su da halin gudu samarin unguwa ne suka rufa musu asiri, suka kafa tukwane a masallatai da makarantu, ana dafa wake da fate ana rabawa.

A Maris 2025 soja suka karɓe fada da filin jirgin sama, a Mayu suka ce sun kori abokan gabansu daga lardin duka. A wannan wata kuwa aka harbi tashoshin lantarki, injunan tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiban ruwa daga kogi kai tsaye, cutar amai da gudawa ta kashe mutane da yawa. Duk da haka kafin shekarar ta ƙare fiye da mutum miliyan ɗaya sun komo, suna share kango, suna haɗa waya, suna neman inda aka binne 'yan'uwansu.

Kogin kansa ma ya sake hali. A 2011 Habasha ta fara gina wata babbar madatsa bisa Shuɗin Nilu kusa da iyakar Sudan, aka buɗe ta a Satumba 2025. Yanzu cikar kogin da janyewarsa ba ga damina kaɗai su ke ba, har da hannun masu buɗe ƙofofin madatsar, lakar da ke takin lambunan Tuti kuma yawancinta a can ta ke kwantawa. Saboda haka zaman Hartum ya rataya ga abu biyu, jituwa da maƙwabtan da ruwa ke fitowa daga ƙasarsu, da adalci ga lardunan da mutanensa suka fito. Bayan watsewa ta fari shekara goma sha biyu garin ya yi yana kufai kafin a sake gina shi, baƙi ne kuwa suka gina. Wannan karo masu shi ne da kansu suka fara komowa. Allah ya ba su zama lafiya, ya sa su gama abin da suka fara.